Koren da Aka Gani Daga Sama

Shafi na 14

Sannunku da haƙuri. Masu tambayata ko an sa rana, ba ni da amsa. Ku karanta abin da ya faru ranar Juma'a, wataƙila ku ku gane, don ni har yanzu kaina bai dawo daidai ba.

Ban taɓa shiga zauren Hagg Mitwalli, babban alhajin garinmu, alhali maza na ciki ba sai ranar. Matarsa ce ta kama hannuna a tsakar gida ta ɗora min tiren shayi.

"Shiga ki kai musu, Nagat. Gwiwata ta ƙi."

"Ni, Hagga?"

"A'a, ɓaunar gidanku. Wuce mana, shayin zai huce."

Na shiga idona a ƙasa. Duk mai fili a Fadamar Ɓaure yana wurin. Babana, Abdul-Aty, yana kusa da taga. Amm Ragab, wato baffa Ragab, mahaifin saurayina Shahata, yana tsakiya ya tokare haɓarsa da sanda. Shahata kuma yana tsaye a bakin ƙofa. Ban kalle shi ba. Na dai juya zobensa da ke hannuna na dama, zoben da ba zai koma hannun hagu ba sai ranar da ya yi mana rufin ɗaki, kamar yadda ake yi wa kowa a garinmu Kafr Sunbul.

A gaban kowa akwai Injiniya Samiha, wadda ofishin gunduma ya aiko. Ta shimfiɗa babbar takarda a kan tebur, ta danne gefenta da wayarta.

"Taswirar da kuka sani an sake ta," in ji ta. "Fadamar Ɓaure ta fita daga filin faɗaɗa gari."



Amm Zaglul, wanda kunnensa ɗaya ne ke aiki, ya miƙo wuya.

"Ta fita ta je ina?"

"Ba inda ta je, Amm. Launinta ne ya canza. Da rawaya ce, wato wurin da gari zai iya yin gini. Yanzu kore ce, ƙasar noma."

"Kore? 'Yata, kin je kin ga wurin kuwa? Ko akuya aka kai can sai ta yi kuka ta dawo."

Wasu suka yi dariya. Baba bai yi ba.

Kun dai tuna yadda aka yi. Tun da aka shafa wa fadamar rawaya kowa ya fara mafarkin gida, ana jiran izinin gini kawai. Sai labari ya zo cewa za a sake duba taswira, kuma duk inda aka samu shuka za a cire shi. A wannan zauren mazan suka ɗaga hannu suka karanta Fatiha cewa babu wanda zai sake ba fadamar ruwa. Babana ne ya zuba kwandon ƙasa na farko a bakin hanyar ruwan. Ƙasar ta bushe, ta tsattsage har ƙafar yaro na iya shiga. Masu hali suka zagaye filayensu da katanga, Baba ma ya yi tasa. Shahata ya sayi jan bulo ya jibge a filinsu, wanda ke manne da namu.

"Bashmuhandisa, babbar injiniya," in ji Hagg Mitwalli, "da girmanki. Wurin nan ya mutu. Mun binne shi da hannunmu."

"Da hannunku?" Ta ɗago kai.

"Ina nufin... Allah ne ya kashe shi, mu muna kallo."

Ta buɗe jaka ta fito da hoto mai faɗin tire.

"Wannan daga sama aka ɗauke shi."

"Daga saman me?" in ji Amm Zaglul. "Hasumiyar masallaci?"

"Daga sama can, Amm. Tauraron ɗan'adam."

Mazan suka taso suka rufe teburin. Ni ina tsaye da tire, ba wanda ya karɓi shayi.

"Ku duba," in ji ta. "Duk nan ruwan ƙasa ne. Amma ga wannan."

A tsakiyar hoton akwai wani ɗan wuri kore shar, mai kusurwa huɗu, kamar an shimfiɗa sallaya.

"Masu binciken ƙasa sun ce tunda wannan ya fito haka, ƙasar ba mutuwa ta yi ba. Ƙishirwa take ji. Shi ya sa aka cire fadamar gaba ɗaya."

Zauren ya kaure.

"Filin wa ne?"

"Juya hoton, a kife yake!"

"Ina alƙibla a nan?"

"Wannan baƙin layin ƙorama ce ko titi?"

"Titi ne, ga mota nan."

"Ba mota ba ce, ƙuda ne, kore shi!"

"Wannan ai wajen Zaglul ne."

"Wa? Ni?" Nan take kunnen Amm Zaglul ya buɗe. "Ni da ko alwala ba na yi a can don kar ruwa ya zuba?"

Hagg Mitwalli ya buga tebur.

"Bashmuhandisa, yanzu mene ne abin yi?"

"Kuna iya kai kuka. Kwamiti zai zo ya gani da ido. Idan ya tarar da shuka, ta zauna a ƙasar noma."

"To sai mu cire shukar."

"Idan kuma ya tarar a bushe, ya gano da gangan aka busar, wannan laifi ne. Za a tambayi mai filin."

Aka kalli juna.

"To mu ba ta ruwa ne ko mu hana ta?"

"Ni ban ce ku yi komai ba."

"Gini fa?"

"Babu gini."

"Noma?"

"Noma kam sai ku yi."

"Da wace ƙasar? Wadda ta zama kamar bayan kunkuru?"

"Hagg, ni saƙo aka ba ni."

Ita ma na ga ta gaji. Ta ɗauki kofi ɗaya daga tirena ta ce, "Na gode, ƙanwata." Da na matso don ta ɗauka ne na ga hoton da kyau.

Ban iya karatun taswira ba. Amma ga wani baƙin dunƙule, na san inuwar bishiyar ɓauren fadamar ce. Ga koren a gefensa. A cikin koren ga ɗigo-ɗigo farare a jere, irin ginshiƙan da Baba ya zuba don gidan yayana Kamal da ke aiki a Libya. A jikin koren kuma ga wani ɗan tabo ja.

Na san wannan jan. Sau nawa na bi ta can da sunan neman itace, don kawai in kalli bulon da za a gina min ɗaki da shi.

Na ja da baya da tiren. 

Sai Amm Ragab ya miƙe. Fuskarsa ta yi ja, jijiyar wuyansa ta fito.

"Ni na sayar da itatuwan lemona aka sare. Ɗana ya tara bulo yana kallonsa kamar maraya. Ashe akwai wanda ya karanta Fatiha da mu da baki, ya koma yana shayar da gona da hannu?"

"Zauna, Abu Shahata," in ji Hagg Mitwalli.

"Ba zan zauna ba! Ku shaida. Na rantse da igiyar aurena..."

"Kar ka rantse da aure, Ragab!"

"Na rantse! Duk gidan da ya ci amfanin wannan koren, ko da dabbarsu ce ta ci, ni da su har abada. In na ƙulla aure da su, ko na sake sa hannu a tire ɗaya da su, matata Umm Shahata ta saku!"

"La haula," in ji wasu.

"Me ya ce?" in ji Amm Zaglul. "Wa ya saki wa?"

Na saci kallon Baba. Yana kallon ƙafarsa. Na juya wajen ƙofa, na tarar Shahata ni yake kallo.

Aka tsayar da magana a kan cewa ana idar da La'asar za a fita gaba ɗaya, har da Injiniya, a bi filaye masu katanga ɗaya bayan ɗaya har a samu koren.

Na ajiye tiren na fita ta ƙofar baya. Ban kai kwanar gidan burodi ba na ji takunsa.

"Nagat."

Na ƙara sauri.

"Nagat, tsaya. Ba cizo nake yi ba."

Na tsaya, ina kallon bango.

"Kin gane wurin," ya ce.

"Ban iya taswira ba."

"Ni ma ban iya ba. Amma na san bulona ko daga wata aka ɗauke shi."

Na murza zoben.

"Kin sani tun da?"

"Wallahi ban sani ba, Shahata. Baba ne ke riƙe da makulli. Tun da ya sa ƙofar ban leƙa ba."

"To ɓaunarku me take ci?"

"Barsim, ɗanyar ciyawar nan ta dabbobi."

"Daga ina?"

"Baba ya ce daga wajen ɗan'uwansa na ƙetaren ƙorama."

"Wanda ya sayar da gonarsa ya sayi motar haya?"

 Duk dabbobin garin sun rame suna cin busasshiyar kara, tamu kuwa bayanta na sheƙi. Ni ce ke tatsarta kullum. Ni ce nake alfahari da man da ke tashi a madararta. Ban taɓa tambayar kaina ba.

"Babanka ya rantse," na ce.

"Ina wurin."

"To yanzu... idan aka yi aurenmu, Mamanka ta saku? Idan ba a yi ba..."

"Kar ki ƙarasa."

"Ni ban gane ba. An cire fili, babu ɗaki. Ko an mayar da fili, ga rantsuwa. To ta ina?"

Ya shafa kansa. 

"Abin da ba a gani ba, ba a gani ba," ya ce. "Je ki gida ki karɓo makulli. Ni zan kawo lauje. Kafin a fito daga masallaci mu share shi."

"Hoton fa?"

"Hoto ba ya magana. Su da suka kasa gane alƙibla?"

Ya juya, sai ya sake juyowa.

"Kar ki cire zoben nan."

"Ban ce zan cire ba."

"Na ga kina murza shi."

Na tarar Baba ya riga ni gida. Yana zaune a bakin murhu ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Mama na tsaye a kansa da ludayi. Kakata, Sitti Badriyya, tana kan tabarma tana tsince shinkafa kamar ba ta gidan.

"Ka yi min magana, Abu Kamal," in ji Mama. "An cire ko ba a cire ba?"

"An cire."

"Saboda me?"

"Saboda... launi."

"Launin me? Nagat, ke kina can. Me aka ce?"

Ban taɓa tsayawa gaban Baba na yi masa tambaya ba.  Amma na tuna La'asar ta kusa.

"Baba," na ce. Muryar ta fito ƙarama. "Ina makullin filinmu?"

Ya ɗago.

"Me za ki yi da shi?"

"Na ga hoton, Baba. Na ga ɓauren. Na ga ginshiƙan Kamal."

Mama ta kalle ni, ta kalle shi.

"Wane hoto? Me ya samu ginshiƙan ɗana?"

"Barsim ne a cikin katangarmu, Mama. Shi aka gani daga sama. Shi ya sa aka cire fadamar."

Ludayin ya faɗi.

"Abdul-Aty! Kai? Kai da ka zuba kwandon farko? Kai da ka hana ni shuka ko na'ana'a a tukunya a can?"

"Ban shuka ba!"

"To aljanu ne suka shuka?"

"Na rantse ban shuka ba, Fathiyya. Ruwa kawai na kai."

"Ruwa kawai! Ji min mutum!"

"Ba don gona ba! Ginshiƙi in an zuba siminti dole a riƙa jiƙa shi, in ba haka ba ya tsage. Magini ne ya ce. Na ɗan huda hanyar ruwa ta ƙarƙashin katanga, kaɗan, kamar bakin buta. Ginshiƙi na shayar, ba ƙasa ba. Fatihar da muka karanta ba ta ce kar a shayar da ginshiƙi ba."

"To ginshiƙin ne ya haifi barsim?"

"Ni ma ban sani ba! Wata safiya na buɗe ƙofa na ga ƙasa ta yi gashi. Na ce wannan daga Allah ne."

"Daga aljihuna ne," in ji Sitti.

Duk muka juya. Ba ta ɗago daga tiren shinkafar ba.

"Mama?" in ji Baba.

"Ranar da na kai maka abinci na ga ƙasa a jiƙe. Baƙa, mai laushi, tana ƙamshi. Ga iri a ƙullin mayafina tun na ubanka. Me kake so in yi? In tsallake in wuce? Ƙasa ta buɗe baki, in hana ta?"

"Kin san abin da kika jawo?"

"Ni na watsa. Kai da ka gani me ya hana ka tugewa?"



"Faɗa mata mana," in ji Mama. "Me ya hana ka?"

"Na je da fartanya," ya ce a hankali. "Na tsaya a kansa. Ya kai idon sawu a lokacin, raɓa na jikinsa. Tun da muka toshe ruwan ban sake barci mai daɗi ba, Fathiyya. Ina bi ta fadama ina kawar da kai kamar wanda ya yi wa uwarsa laifi. Da na ga wannan... hannuna ya ƙi."



"Sai na ƙara wa katangar layi biyu na bulo," ya ce. "Na hau jaki na zagaya ta waje, ban hango ba. Na tsaya a kan jakin ma, ban hango ba. Na ce shi ke nan, ko mai raƙumi ba zai gani ba." Ya buɗe hannuwansa. "Wa ya gaya min ta sama suke kallo? Katanga ake yi, ba a yi wa gona rufi!"

Sitti ta yi wata 'yar dariya. Mama ta harare ta.

"Dariya kike yi, Hagga? Ki tambayi jikarki me Ragab ya ce."

"Ni ban faɗa miki ba tukuna, Mama."

"Fuskarki ta faɗa. Me ya ce?"

Na maimaita rantsuwar, kalma bayan kalma. Da na kai wurin "ko da dabbarsu ce ta ci", hannun Sitti ya tsaya a cikin shinkafa.

"Haka ya ce? Dabbarsu?"

"Haka ya ce, Sitti."

"Da igiyar aure?"

"A gaban kowa."

Ta ture tiren gefe. "Jakin banza," ta ce. "Tun yana yaro bakinsa ke riga kansa fita."

"Ki bar zagin mutane," in ji Mama, hawaye na zubo mata. "Yarinya ta yi ta jira. Kayan ɗakinta na cikin kwali har ɓeraye sun san su. Yanzu saboda ciyawar ɓauna..."

"Shahata ya tafi ɗauko lauje," na ce. "Ya ce mu yanke kafin a fito daga masallaci."

Baba ya dube ni.

"Yaron ya sani?"

"Ya gane bulonsa."

"Kuma bai faɗa ba?"

"Bai faɗa ba."

Ya sa hannu cikin rigarsa ya ciro makulli a zare. Bai ba ni ba. Ya miƙe ya sa hula, ya ɗauki laujensa daga bango.

"Mu je."

"Ku tsaya," in ji Sitti. "Akwai maganar da..."

"Kin yi maganarki, Mama. Ta isa."

Daidai nan aka kira La'asar.

Muka bi ta bayan gari, ta gefen ƙorama. Baba na gaba, ina binsa da gudu-gudu. Fadamar na nan yadda kuka sani, fara fat, ko tsuntsu babu. Sai a kan katangarmu kaɗai, balbelu sun jeru farare. Ban taɓa tambayar kaina me suke jira a can ba.

Shahata na bakin ƙofa da lauje biyu. Ya gaida Baba, Baba ya amsa ba tare da ya kalle shi ba.

"Amm Abdul-Aty, in mun yanke sai mu kwashe mu zuba a ƙorama. Saiwar kuma mu rufe da yashin gini."

"In kwamiti ya zo ya ce da gangan aka busar fa?"

"Wannan na wani makon ne. Na yau muke yi."

"In kuma an bar shi, an ce ƙasar noma ce."

"Amm, ni ma ban gane ba. Buɗe kawai."

Baba ya matsa zai buɗe. Makullin ya ƙi shiga, sai da Shahata ya karɓa.

Ƙofar ta buɗe.

Ƙamshin ne ya fara dukana. Sanyi, ɗanye, irin na lokacin da nake ƙarama. Barsim ya kai gwiwa, kore har yana ɗaukar ido, ginshiƙan Kamal na tsaye a ciki kamar baƙi. Na ji Baba ya ja numfashi.

Sai na ji wani sauti daga can kusurwa. Shap. Shap. Shap.

Wani na yanka.

Mace ce a durƙushe, ta ba mu baya, baƙin mayafi ɗaure a ƙugu. A gefenta ga dami an riga an ɗaure. A bayanta kuma, a ƙasan katangar da ta raba mu da filin su Shahata, an zare bulo an yi wata 'yar kafa da mutum zai iya rarrafowa. Ta cikin kafar ina hango jan bulon ɗakina, an jera shi ya rufe wurin ta ɗaya gefen.

Ta juyo.

Laujen Shahata ya faɗi ƙasa.

"Mama?"

Umm Shahata ta dafe ƙirji. "Bismillahi! Kun tsorata ni. Abu Kamal, ka yi haƙuri, Hagga Badriyya ce ta ce in riƙa ɗiba. Saniyarmu ta kusa mutuwa bayan haihuwa, kara ba ta shiga mata. Na ce yau maza duk suna zaure, bari in zo da rana."

"Tun yaushe?" in ji Shahata.

"Tun sanyi. Kai madarar da kake sha da safe daga ina ka zaci take? Ubanka ma har cewa yake saniyarsa ta fi ta kowa albarka." Ta kalli laujen hannun Baba, ta kalli tawa fuskar. "Lafiya? Me ya kawo ku ku uku?"



Ni dai ina ta juya maganar a kaina. Gidan da ya ci. Gidanmu ya ci. Gidansu ma ya ci. Ba zai ƙulla aure da gidan da ya ci ba. Ba zai sa hannu a tire ɗaya da su ba. To a gidansa da wa zai ci abincin dare? Ita da aka rantse da aurenta ita ce riƙe da lauje. Ta saku ne tun yanzu, ko sai ya ci? Ni kuma ina nake a ciki?

"Shahata," na ce a hankali, "rantsuwar ta hau kanta ne ko kaina?"

"Wace rantsuwa?" in ji Umm Shahata.

Shahata ya sunkuya zai ɗauki laujensa, ƙafarsa ta bugi ƙofar ƙarfen. Ta yi ƙara. Balbelun nan gaba ɗaya suka tashi, suka yi sama farare, suna zagaya katangarmu.

Daga nesa muka ji muryar Amm Zaglul.

"Ku duba! Balbela ba ta zama a busasshiyar ƙasa! Can ne!"

Baba ya yi sauri ya tura ƙofar ya sa sakata. Takun mutane ya fara matsowa, da yawa, sanduna na bugun ƙasa. Na ji muryar Injiniya tana cewa a bi a hankali. Ba wanda ya saurare ta.

"Mama, fita ta kafar," in ji Shahata. "Yi sauri."

Ta rarrafa ta leƙa, ta dawo da baya. "Akwai mutane a filinmu. Sun tsaya a kan bulonka."

Sanda ta sauka a ƙofar har katangar ta amsa.

"Abdul-Aty!" Muryar Amm Ragab ce. "Na ga takalmin 'yarka a bakin ƙofa. Buɗe in ga abin da kake ɓoyewa!"

Na kalli ƙafata. Ɗaya ba takalmi.

Umm Shahata ta riƙo hannuna, daidai kan zoben. Tafinta duk ruwan ciyawa.

"Nagat, 'yata, ke ba kya ƙarya. Wannan mutumin da me ya rantse?"

Na buɗe baki.

Baba ya ɗora hannu a kan sakata.